Ruwan da Ke Bin Taurari

Kakana Khalfan bai taɓa ɗaura agogo ba.
Da rana sanda yake kafawa a dandali,
inuwa ta ja ciki bisa layukan dutse,
ya ce: Hamud, naka ya ƙare, toshe.
Sulayyim, buɗe, rabonka ya iso.
Da dare kuwa sama ce takardarsa.
Tauraro ya leƙo ta ƙeyar tsauni,
a janye tsumma, a ɗaga dutsen toshiya,
ruwa ya karkata
kamar akuyar da ta san ƙofar gida.

Falaj muke ce mata, mu mutanen Oman.
Daga cikin tsauni take fitowa,
inda waɗansu da sunansu ya ɓace
suka yi rarrafe da fitilar mai da guntun ƙarfe,
suna sassaƙar duhu, kamu bayan kamu.
Ba mu san kaburburansu ba.
Gangara kawai suka bari,
siririya, mai kunya,
ruwa na bin ta, ba gudu, ba tsayawa.

A bakin fitarta ake ɗiban na sha,
ba a sa ƙafa, ba a kai sabulu.
Gaba kaɗan masallaci ya ari na alwala,
sai wurin wanka, sai ɗakin wankan gawa,
can ƙarshe dabino da lemun tsami
su shanye abin da muka rage.

Sannan famfo ya zo, injin ya zo.
Samari suka gangara Maskat neman albashi,
har da ni, Zuwaina, mai lissafi a banki.
Fitilun titi suka cinye rabin taurari,
yana ta cinye idon Kaka.

Bara aka kafa allon ƙarfe a gindin bango,
baƙi na tsayawa da huluna masu faɗi,
su ɗauki hoto, su tsoma yatsa, su wuce.
Kaka ya ce in karanta masa.
Na ce: an rubuta kayan tarihi.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Tarihi? Wanda ya mutu ake yi wa.
Kasa kunne, yarinya. Gawa na surutu haka?

Daren wata Alhamis wuta ta ɗauke.
Injin ya yi gurnani ya mutu,
famfo ya yi tusa, ya bushe,
gari ya yi tsit,
sai ita, tana ta zancenta a bayan katanga.
Sama ta dawo da duk abin da ta ɓoye.

Kai ni kan soro, in ji Kaka.
Na riƙe gwiwar hannunsa, ba nauyi, kamar kara.
Me kike gani saman tsagar dutse?
Na ce: wani ja-ja, da ƙanana biyu a gefe.
Ya ɗaga?
Kamar tsawon hannu.
To, na Shaikha ne, gwauruwar Mas'ud.
Je ki buɗe mata.

Na ce: Kaka, Shaikha ta rasu,
’ya’yanta na birni, gonar ba mai leƙawa.
Ya ce: dabinon ma ya rasu?

Na sauka ba takalmi.
Dutsen ya fi yadda na zata nauyi,
tsumman na warin gansakuka da shekaru.
Na ja. Ruwa ya yi jim,
ya shinshini hanya,
ya shiga.
Na ji ƙasa tana sha, ƙut, ƙut,
irin shan wanda ya kai azumi.

Ranar Lahadi ina bayan gilashin banki,
ina ƙirga kuɗin mutane,
laka na nan a ƙarƙashin farcena.
Abokiyar aiki ta miƙo min tsinke.
Na ce ta bar shi tukuna.